Ogzilarin Baba Mato

Tun kafin in ɗago kai daga tayar da nake wa faci na san Baba Mato ne ya iso kwana. Duk Mpape babu motar da ke irin wannan kukan sai akori-kurarsa. Tana shan kwana tayoyin na ƙiiƙ-ƙiiƙ, tana ɗan tsalle kamar akuyar da aka dabaibaye. Na yar da guduma na tare hanya.

"Baba, ku tsaya, don Allah!"

Ya taka burki ya leƙo yana dariya. Bayan motar shaƙe yake da manyan doya, an lulluɓe da sabuwar tampol. Unguwar Dutse Alhaji zai kai su, gidan da 'yarsa Lydia za ta yi aure ranar Asabar.

"Sale, kai kuma? Yau ma ogzilari?"

"Yau ma shi, Baba."

Shekara goma sha ɗaya katangarmu ɗaya da shi. Manomi ne ɗan Gbagyi, mai taurin kai da yawan kyauta. Bara ɗansa Godfrey ya saya masa motar. Da damina ta taɓa kafewa a laka a hanyar gona, wani direban kwari, wurin fasa dutse, ya nuna masa ɗan ƙaramin giyan nan da ke gefen babban, wato ogzilari, wanda ke sa tayoyi huɗu su ja tare. Ya ja shi, mota ta fito fit. Tun ranar Baba ya yi imani da ogzilari, bai sake cire shi ba.

To, ruwa ya ɗauke tun wata guda, kwalta ta bushe ƙarau. A laka taya tana zamewa, ƙarfe ya huta. A busasshiyar kwalta kuwa, duk kwanar da aka sha, tayoyin gaba da na baya kowanne na neman nasa gudun, sai ƙarafan ƙarƙashi su riƙa murɗewa kamar ana matse wanki. Na faɗa masa wannan ya fi sau goma. Har matarsa, Mama Helen, na kai wa ƙara, ta ce ita kanta shekara talatin tana magana bai ji ba.

Ranar dai ya ga na ƙi kaucewa.

"Oya, zo ka cire. Ka bar ni ya tafi."

Na zura hannu ta taga na kama giyan. Na tura, na jijjiga, na sa hannu biyu. Ko motsi bai yi ba. Na san abin da hakan ke nufi.

"Ya ɗaure, Baba. Ku sa ribas, ku ja baya kamar taku goma, zai saki da kansa."

Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa.

"Baya? Da doyan aure?"

"Taku goma kawai."

"A gidanmu ba a yi. Kayan aure in ya bar ƙofa, gaba gaba ne. In ya koma baya, yarinya ma zai koma gidan ubanshi." Ya girgiza kai. "Lydia ba zai dawo ba, in Jesus name."

"To ku sauke kayan a nan, mu yi ribas ɗin babu kaya."

"Ya riga ya fito, Sale. Sauke ma komawa ne."

Ya miƙa hannu ƙasan kujera ya zaro doya guda ya ɗora mini a hannu. "Ka ba madam. In na sauke zan yi maka ribas har Bwari."

Makullin motar yana nan kusa da hannuna. Da na zare shi, iyaka ya zage ni, mu yi sati ba ma gaisawa. Amma na ji nauyin furfurarsa, na matsa gefe, rungume da doya kamar wani sakarai. Wannan abin har yau yana ci mini rai.

Na bi motar da kunne tana gangarawa. Kwana ta farko ta yi kukanta. Ta biyu ma na ji, can ƙasa-ƙasa. Ta ukun ita ce babba, kuma daga rumfata ba a jin ta. Na koma kan faci, sau biyu ina manna roba a inda babu huji.

Hantsi bai gama dubawa ba wani ɗan acaba ya hauro. Bai tsaya wurina ba, ƙofar Mama Helen ya nufa, ya kashe mashin tun daga nesa. Doya guda ce ɗaure a bayansa, ta dare biyu.

Ƙarfen da ke juya tayoyin gaba ne ya karye a tsakiyar babbar kwana, ya caki kwalta, motar ta kife. Sun ce kafin a kai shi asibiti ya cika. Aka ɗage bikin. Ranar Asabar Lydia na zaune a tsakar gidan ubanta, ana shigowa yi mata gaisuwa.

Bayan kwana uku Godfrey ya sa aka jawo motar, aka ajiye ta gefen rumfata, don babu fili a gidansu. Da rana ta yi sanyi na zagaya na leƙa ta fasasshiyar taga. Hular Baba na nan ƙarƙashin kujera. Na sa yatsa ɗaya na taɓa ƙaramin giyan.

Ya zame ya fita, ko ƙara bai yi ba.