Masu Rakiyar Baba Aikin Ido

Auta ta hango su tun daga bakin ƙofar asibitin, nan take ranta ya ɓaci. Gwaggo ce a gaba da tabarma da filo a hammata, bayanta Baffa Direba yana jan ƙafa, sai Yaya Babba riƙe da kuloli biyu da bokiti, sai matan gida da maƙwabta kamar an yi shela. Ta waiwaya ta dubi mahaifinta a kan benci. Bai ga kowa ba, don yanar ido ta daɗe da rufe masa gani, amma kunnensa ya riga ya kama muryar ƙanwarsa.

"Ba Gwaggonku nake ji ba?"

"Ita ce, Baba. Kai dai yi zamanka."

Wannan ne zuwansu na uku. Duk ranar da aka sa za a cire wa Baba yanar nan, sai dangi su cika barandar da koke-koke da neman yafiya, kamar wanda za a kai kushewa. Kafin a kira shi jininsa ya hau, nas ta kwance abin awo tana girgiza kai, a ce su koma gida. A zuwa na biyu likita ya faɗa wa Auta ƙarara: in aka sake haka, wani za a ba gurbin, Baba ya koma ƙarshen layi, layin kuwa sai baɗi. Shi ya sa yau ta ɗauko shi da sassafe. Yaya Babba kaɗai ta gaya wa, shi ma don kada a ce ta raina na gaba da ita.

Ta tare shi a tsakiyar baranda.

"Yaya, me muka yi da kai?"

"Ke yarinya ce. A kai uba ƙarƙashin wuƙa, 'yan'uwansa ba su sani ba? In wani abu ya faru, ni za a tsare da tambaya."

"Wace wuƙa? Aikin da bai kai rabin awa ba! Bokitin nan fa na mene ne?"

"Na masu kwana."

"Wa ya ce maka ana kwana?"

Gwaggo ta riga ta ratsa ta gefensu. Ta durƙusa gaban Baba, ta kama hannuwansa, ta fashe da kuka. "Yaya, ka yafe min. Duk abin da na yi maka tun muna yara, ka yafe min. Rai ba a bakin komai yake ba."

Baffa Direba ya zauna a gefen bencin yana gyara murya. "Ni dai na faɗa, a bari yanar ta nuna tukuna, ba a ji ba. Wani yaron motata, kakansa haka aka yi masa. Ciro idon suke yi gaba ɗaya, su ajiye a faranti, su wanke, sannan su mayar. In hannun likita ya yi rawa kuwa, sai dai haƙuri."

Tsoro ya bayyana a fuskar Baba, ya fara lalubar gefen bencin. Mutumin da ya yi shekara talatin yana rubuta allunan shaguna, yana jan layi da buroshi ba tare da rula ba. Auta ta ga haka, abin ya zo mata wuya.

"Baffa, kai ka ga farantin? Da idonka ka gani? Tun da Baba ya daina gane fuskokinmu kuke cewa a bari ta nuna, kamar ayaba. Ta nuna har ya ajiye buroshi. Ta nuna har sai an kama hannunsa zuwa banɗaki. Wane ne a cikinku ya taɓa tako ƙafa ya tambayi likita? Amma kuka, kowa gwani ne!"

"Kai jama'a, ku ji min 'yar boko," in ji Gwaggo tana share hawaye. "Ni na yi wa uwarki wankan jego da aka haife ki, yau ni kike ɗaga wa murya?"

Ana cikin haka nas ta fito da abin awo. Ta naɗa a damtsen Baba. Ta dubi allon na'urar, ta dubi taron.

"Ya hau. Zan ɗiga masa maganin buɗe ido, in ba shi lokaci ya huta. In na sake aunawa bai sauka ba, ni ba ruwana."

Tana juya baya Auta ta buɗe baki za ta ci gaba daga inda ta tsaya. Baba ya lalubo mayafinta ya ja.

"Ke ma ki yi min shiru. Kukansu da faɗanki duk a ƙirjina suke sauka."

Ta haɗiye maganar, tana huci.

Ƙofar ɗakin aiki ta buɗe. Wata tsohuwa ta fito da ƙafarta, an rufe mata ido ɗaya da auduga da filasta. Auta ta gane ta, ita ce aka kira daidai lokacin da su Gwaggo ke shigowa. Tsohuwar ta nemi wuri a bencin, ta ture Baffa da gwiwar hannu.

"Matsa min, bawan Allah. Wa ya mutu ne?"

"Baiwar Allah," Baba ya ce, yana juyo da kai wajen muryar, "daga ciki kika fito?"

"Yanzun nan."

"Sun sa ki barci?"

"Ina fa! Ina jin komai. Kashe wurin suka yi, ya yi nauyi kamar ba nawa ba. Suka lulluɓe min fuska da ƙyalle, suka ce kada in motsa, in tari ya zo min in faɗa. Ba ka ganin komai sai haske, ga ruwa mai sanyi yana bin gefen ido, ga wani inji yana gurnani ƙasa-ƙasa. Likitan ma hirar ƙwallo yake da yarinyar da ke miƙa masa kaya. Ni abin da ya dame ni fitsari ne."

"Idon fa? Sun ciro shi?"

"Su kai shi ina? Yanar suka cire, suka sa ɗan gilashi a madadinta. Gobe in dawo a buɗe." Ta dubi tabarmi da kuloli da idonta guda. "Duk wannan gayyar taka ce? Lallai kai ɗan gata ne, amma gatan nan zai kashe ka."

Baba ya zare hannunsa daga na Gwaggo.

"Na yafe miki. Na yafe wa kowa, har waɗanda ba su roƙa ba. Yanzu ku fita waje. Har ke, Auta."

Ba ta so ba, amma ta bi su. Ta tsaya jikin taga tana leƙe, tana cizon leɓe. Ta ga nas ta dawo, ta auna, ta yi jim, ta sake aunawa. Sai ta kama hannun Baba ta miƙar da shi, suka nufi ɗakin aiki.

A gindin bishiyar da ke harabar, matan gida suka share wuri, suka shimfiɗa tabarmi, Gwaggo ta fara tsara wanda zai kwana yau da wanda zai karɓe shi gobe. Ba su gama musu ba nas ta leƙo ta ce a zo a ɗauke shi.

Baba yana zaune a bencin, ido ɗaya a rufe. Nas tana yi wa Auta bayani: kada ya murza, kada ruwa ya shiga, kada ya ɗauki abu mai nauyi, ga maganin ɗigawa, gobe da safe a dawo. Dangi suka zagaye shi suna sannu, sannu. Ya ɗaure fuska, Auta ta san ba tsoro ba ne yanzu, fushi ne.

"Shi ke nan?" ya ce. "Wannan ne abin da na zauna a duhu shekara da shekaru ina jira?"

Baffa Direba ya sunkuya yana gyara takalmi.

Yaya Babba ya miƙo hannu zai tashe shi. Baba ya ture hannun, ya juya wajen da ya ji muryar nas.

"'Yata, ɗayan idon yaushe?"

"Sai wannan ya warke, Baba. Likita zai sa rana."

"To, in ya sa, ni za ki faɗa wa. A kunne."