Ragar da Ke Tsakar Gidan Mama Sidi

A tashar sa wa tsuntsaye zobe da ke bakin teku, kudu da Malindi, Baba Ngumbao yana da doka guda da ya riƙe kamar wahayi: inda aka kafa raga tun farko, nan za a ci gaba da kafa ta. Dokar tana da hujja. In ana yawo da raga, ba za a iya gwada kamun bana da na bara ba, balle a san ko tsuntsayen da ke saukowa daga arewa ƙaruwa suke yi ko raguwa. Nyevu, ɗalibarsa, ta karanta haka a jami'a, ta kuma yarda. Abin da ke ƙona mata rai shi ne, ranar da aka kafa dokar wurin daji ne. Yau an sare dajin, gari ya cinye filin, ragar tana tsaye a tsakar gidan abincin Mama Sidi, tsakanin murhu da igiyar shanya.

Tun zuwan Nyevu koyon aiki, ragar ta kama ledoji, ta kama hular liman, ta kama wani ɗan acaba da ya shigo shan shayi a gaggauce. Tsuntsu kuwa guda take kamawa kowace safiya, wato zakaran Mama Sidi. Baba Ngumbao yakan kwance shi a natse, ya auna fiffikensa, ya hura gashin ƙirjinsa ya duba kitse. Duk shekara ana ƙara masa zobe, har in yana tafiya sai ka ji kacau-kacau kamar amarya.

Ita kuwa Nyevu ba za ta sami lasisi ba sai ta sa wa tsuntsun ƙaura zobe a gaban malaminta. Ga ruwan sama ya fara sauka, tsuntsaye sun juya gida. In suka ƙare, sai ta sake shekara guda tana riƙe wa zakara ƙafa.

"Baba, dubi can," ta ce, tana nuna mikoko, itatuwan nan da ke tsaye cikin ruwan gishiri. "Tsuntsaye kamar a kwashe da kwando. Mu kuwa muna nan muna auna naman miya."

"'Yata, ilimi haƙuri ne. Rashin tsuntsu ma sakamako ne."

"Sakamakon me? Cewa tsuntsun Turai ba ya cin mahamri?"

Mama Sidi ta tsame mahamrin, wato fanken mutanen bakin teku, daga mai ta ce, "Ku matsa min da sandarku, kuna tare min hayaƙi. Tsoho, zakaran ya ƙara nauyi?"

"Ya ƙara."

"Madalla. Allah ya kai mu Idi."

"Kul, Sidi. Wannan zakaran shi ne tarihin tashar nan."

"To tarihi zai sha barkono."

Washegari Nyevu ta zaro wata tsohuwar raga daga ɗakin ajiya, ta ɗinke hujojinta, ta jira ruwa ya janye, ta kutsa laka har gwiwa ta kafa ta a cikin mikoko. Rana ba ta yi zafi ba wani ɗan tsuntsu mai launin ƙasa ya faɗa ciki, bai kai girman lemon tsami ba. Ta kwance shi, ta sa a jakar ƙyalle, ta tsaya tana ƙwala wa malaminta kira har ya zo, ya naɗe wando, yana mita.

Da ya karɓi tsuntsun mitar ta tsaya. Ya saka ɗan kan tsuntsun tsakanin yatsu biyu, ya buɗe fiffiken a hankali.

"Rabona da irin wannan tun kafin a sare dajin," ya ce. Sai ya tuna ko shi wane ne, ya gyara murya. "Amma ba ragarmu ya shiga ba."

"Baba, tsuntsu ne. Ga shi a hannunka."

"Bari in yi miki dabara irin ta manya. Doka ta hana raga tafiya, ba ta hana tsuntsu ba. Ki kai shi gidan Sidi, ki ɗan jingina shi a ragar. Ni zan juya baya in sha shayi. In na juyo, ya kamu a ƙa'ida, ki sa masa zobe, lasisinki ya fito."

Nyevu ta dube shi. Ga filaya a aljihunta, ga zoben, ga shekara guda da za ta tsira daga zakara. Irin wannan dabarar ce ta kashe mu, in ji ta a ranta. Maimakon a gyara abin da ya karkace, sai a ɗauko gaskiya a kai ta inda kuskure yake zaune, don kada kuskuren ya wahala da tashi. Ta san abin da zai biyo baya. Wata rana wani a ofis zai duba ya ga tsuntsayen ƙaura a kicin suke sauka, ya ce to mikoko ba su da amfani, a sare su ma.

"Ba ni shi, Baba."

Ya miƙa mata yana murmushi. Ta buɗe tafinta. Tsuntsun ya ɗan tsaya kamar bai yarda ba, sannan ya yi arewa.

"Kin saki lasisinki," in ji shi.

"Na gani."

Ya daɗe yana kallon inda tsuntsun ya ɓace, har ruwa ya fara dawowa ya kore su.

Da safe ta same shi a tsakar gidan Mama Sidi da dagi, yana haƙa wa sandar raga sabon rami, taƙi guda daga tsohon, ta ɓangaren teku.

"Baba, me nake gani?"

"Gara ta ɓata ramin," ya ce bai ɗago ba. "Kada ki je ki ce na matsar da raga."

Kashegari ma gara ta ɓata sabon. Taƙi guda kuma. Nyevu ta dubi ramin, ta dubi mikoko can nesa.

"Da wannan tafiyar jikokina ne za su isa."

"Gaggawa aikin..."

Ta karɓe dagin daga hannunsa, ta tsuguna ta ɗebi ƙasa ta murza. "Kai, Baba, nan duk gara ce." Ta wuce murhu, ta wuce ƙofar gida, ta ƙetare titi, ta soma haƙa a gindin wata kwakwa.

Baba Ngumbao ya dubi sama, ya sosa gemu. "Gaskiya bana ta yi yawa," ya ce, ya saɓi sanda ɗaya.

"Za mu kai kafin su ƙare?"

"Wannan sai ki tambayi gara."

A bayansu zakara ya fito a kan lokaci, kacau-kacau, ya ja da baya, ya yi tsalle inda ya saba, ya dira cikin kwanon fulawa.

"Tsoho," in ji Mama Sidi, "dawo ka auna tarihinka."