Gatarin da Aka Tono a Gonata

Ni na ɗauki dutsen da hannuna na kai wa mai garin Wagini, kuma har yau idan na tuna sai in ji kunya.

A daminar wata shekara aradu ta faɗa kan wata kirya a bakin gonata, ta tsaga ta biyu. Bayan kwana huɗu ina noma kusa da wurin, fartanya ta bugi wani abu. Na tono shi: baƙin dutse mai santsi, tsawon tafin hannu, bakinsa da kaifi. Kowa ya san sunansa, gatarin aradu. Karatuna bai wuce izu biyar ba, amma na san ba a ɓoye irin wannan, sai na biya ta gida na naɗe shi a ganye na kai fada.

Mai gari ya sa aka kira Labaran, wanda shi ke zuba nono a duk inda aradu ta faɗa, aikin da ya gada. Labaran ya dubi dutsen daga nesa, ya dube ni.

"Maude, aradu ba ta ɓatan hanya. Wani take nema a gidanka, ta same shi ba ya nan."

Ba sai ya faɗi suna ba. Ɗana Barau ya kai shekara ashirin da biyu, amma ya bar zanko a kansa kamar yaron goye, yana yawo da kukuma. Shi ba ya yabon kowa. Sai ya tsaya a bakin kasuwa ya goga tsirkiya har haƙoran mutum su yi tsami, ya rera wa mai awon da ke danne mudu, ko limamin da ke gyangyaɗi. Labaran ma ya sha nasa, wai nonon aradu rabi ƙasa ke sha, rabi cikinsa.

Dattawa suka ce a fitar da Barau daga gari kafin aradu ta dawo ta haɗa da na kusa da shi. A waɗancan shekarun mahara daga Maraɗi suna ratso dajin Rugu, wanda duk ya kwana bayan ganuwa shi kaɗai, ko dai gawarsa ko kasuwar bayi. Na faɗi na kama ƙafar mai gari. Ya ce ya ba mu wa'adi zuwa yankan gero, ya jefa dutsen a jakarsa ta fata.

Na koma gida ina faɗa. Barau yana zaune yana gyara tsirkiya.

"Baba, in ni take nema, ai ta san kasuwa. Me ya kai ta gona? Yaushe rabona da gona?"

"Rufe mini baki!"

Uwarsa Turai tana niƙa, ba ta ɗago ba. Sai da na gaji ta ce, "Maigida, dutsen nan na taɓa shi kafin ka fita da shi. Santsinsa irin na ɗan dutsen niƙana ne. Shekara talatin ina niƙa, na san dutsen da hannu ya cinye."

Na ce ta yi istigfari. Ta ce ta yi, amma dai hannu ne. Ta ce a kan falalen da ke bayan gari, inda mata ke shanya, akwai wasu ramuka dogaye masu santsi da ake cewa sawun aljanu ne, kuma ita ta daɗe tana ganin kamar wurin wasa wani abu ne.

Da safe na tafi Batsari wurin Malam Sammani, tsohon malamin da ya tara littattafai a gafaka har uku, wasu kan taurari, wasu kan dabbobi da farkon halitta. Na zata zai ba ni rubutun sha. Sai ya yi ta tambayata kamar alƙali: nauyinsa, launinsa, zurfin inda na same shi.

"Allah gafarta Malam, daga sama yake ko ba daga sama ba?"

"Ban sani ba. Amma an ce Annabi Dawuda aka tausasa wa ƙarfe. Tsakaninsa da kakanmu Adamu al'umma nawa ce ta wuce? Da me suke sare itace? Na daɗe ina tambayar littattafan nan, ba su ba ni amsa ba. Matarka ta fi su kusa da dutse. A gwada mana, a ga ko hannun mutum zai goge dutse ya zama irinsa."

Ya hau jakinsa ya biyo ni.

Ban taɓa ganin Barau ya gama wani aiki ba, don haka da ya ce shi zai yi, gabana ya faɗi. Ya tsinto baƙaƙen duwatsu a rafi, ya hau falalen, ya zuba yashi da ruwa a ɗaya daga ramukan, ya fara gogawa. Dutsen ya zauna a ramin daidai, kamar don shi aka yi. Kwana uku babu abin da ya canza sai tafin hannunsa da ya sale. Turai ta hau ta nuna masa yadda ake sa nauyin kafaɗa maimakon wuyan hannu. Malam yana zaune a inuwa kullum, don ya zama shaida. Mutane suna wucewa suna dariya, Barau kuwa yana gogawa yana rera musu zambo daidai da tafiyar dutsen. Ni dai ina duban gero yana fitar da kai, ina ƙirga kwanaki.

Ran kwana goma sha tara kaifin dutsen ya fito. Malam ya juya shi a hannu, sannan ya ce, "Sake wani." Na ce lokaci ya ƙure. Ya ce a sake. Na biyun kwana goma sha biyu ya ci.

Ranar da aka fara yankan gero aka taru a ƙofar mai gari bayan la'asar. Malam ya shiga zaure suka yi magana shi da mai gari, sannan ya fito da faifai, duwatsu biyu a kai, duk an shafe su da jar ƙasa.

"Labaran, kai ne masanin abin nan. Wanne ne na sama?"

Labaran ya wanke hannu da nono. Ya ɗaga na dama ya ajiye. Ya kai hannu kan na hagu, sai ya janye da sauri yana yarfewa.

"Wannan ne! Har yanzu da zafinta a jikinsa."

"Ka tabbata?" in ji mai gari.

"Ranka ya daɗe, tun kakana muke wannan aiki."

Mai gari ya jawo jakarsa ta fata, ya zazzage. Dutsen gonata ya faɗo kan tabarma.

Sai wata tsohuwa daga baya ta ce, "To, ashe Barau ne aradun!" Dariya ta ɓarke har da dogarin mai gari. Aka jera ukun ana miƙa wa juna, waɗanda da ba sa yarda inuwar gatarin aradu ta taɓa su har da gwada kaifin a farce. Wani maƙeri ya ɗaura ɗaya a ƙota, ya sari reshen dalbejiyar fada... ba dalbejiya ba, tsamiya ce, sara shida reshen ya faɗo.

Labaran bai yi musu ba. Ya tsuguna yana duban na gonata, ya ce a hankali, "To wa ya yi wannan ɗin?"

"Wani ɗan Adam," in ji Malam, "mai hannu irin naka. Ya zauna a falalen can kafin a san Wagini, kafin a san Katsina, ya yi noma inda Maude ke yi. Sunansa Allah kaɗai ya sani. Yau zan rubuta abin da na gani a gefen littafina, don wanda zai zo baya."

Mai gari ya ɗaga hannu. "Barau yana nan a garinsu. Wanda ya sake cewa a kore shi, ya zo ya goga dutse kwana goma sha tara tukuna."

Na zauna a ƙasa ina hamdala. Barau ya durƙusa ya yi godiya kamar mutumin kirki, har na fara murna. Sai ya ɗago.

"Ranka ya daɗe, tunda ina nan, akwai wata 'yar waƙa da na yi wa masu kai ɗansu fada a naɗe cikin ganye."

"Yi ta," in ji mai gari. "Maude, matso gaba ka ji da kyau."