Madubi na Tara da Yadin Tela

Shekara talatin ta yi tana gwajin jini a asibiti, shi ya sa mijinta, tsohon tela, yake kiranta Likita. Da ta yi ritaya sai ta shiga tara tsofaffin madubin ganin ƙwayoyin cuta, irin na tagulla da aka daina yayi tun kafin a haife ta. Takwas ne a jere kan kantar ɗaki, ba mai taɓa su sai ita.

Na taran ta tsinto shi ne a wurin mai sayen tsofaffin ƙarafa, cikin tulin makullai da kan famfo, duk ya yi kore.

"Wannan ya mutu, Mama," in ji mai ƙarafan.

Ta murza abin saitin da ke gefe, ta ji haƙoran ƙarfen ciki suna cizo. "Barci yake. Naɗe min."

Kwana uku ta mamaye teburin yankan mijinta. Ta warware madubin, ta jera kusoshin a faranti, ta goge gilasan, ta ɗiga masa man keken ɗinki.

"Da ni ma tagulla ne, da na ga gata," in ji telan.

"Kai ko an goge ka ba ka ƙyalli."

Da ta gama haɗawa sai ta nemi abin gwaji, ta zare zare ɗaya daga sabon yadin da telan ya sayo.

"Auduga zalla ce," ya ce yana shafa yadin. "Shekara arba'in hannun nan bai yi min ƙarya ba."

Ta matsa bakin taga, ta karkata ɗan madubin ƙasa ya kamo rana, ta leƙa. Sai ta yi murmushi.

"Malam, zo ka gani."

Ya sunkuya, ya kanne ido ɗaya.

"Mai murɗewar nan ita ce auduga. Wannan mai santsi kamar bututu kuwa, roba ce. Ƙirga wanda ya fi yawa."

Ya daɗe bai ɗago ba. "Gilashin ne ya tsufa."

Ta sauko da wani madubin daga kan kantar, ta mayar da zaren. Duk kanwar ja ce.

Ya ninke yadin, ya sa a hammata ya fita. Da la'asar ya dawo ba yadi, ya zazzage aljihu a gabanta: ƙyalle biyar daga shago biyar.

"Likita, duba min waɗannan kafin in saya."

"Bi layi," ta ce, ta ja kujera.