Zizar Jitar Baba

Jitar Baba ba saye aka yi ba. Shi ya haɗa abarsa tun yana da ƙarfin jan zarto, da ƙofar wata tsohuwar kabad da mai ita ta ce a jefar. Tsirkiyoyin wayar birkin babur ce ya warware, 'yan ƙarafan da ke gicciye a wuyanta kuwa wayar ƙafar keke ce ya yayyanka ya dasa. Tun da ya sakar wa babbar 'yarsa shagon kafinta, ba shi da wani aiki da yamma sai ita. Ya fito da kujera bakin ƙofar ɗaki, ya rungume ta, ya yi ta kaɗawa har rana ta faɗi. Abokan hirarsa sun ƙare ɗaya bayan ɗaya, idanu sun ƙi karatu, wannan kiɗan shi ne abin da ya rage masa.

Aibin jitar ɗaya ne. Babbar tsirkiya, mai kaurin nan ta sama, ziza take yi kamar ƙuda ya faɗa kwalba. Kowa a gidan ya saba, ban da 'yar tasa, wadda yake kira Uwata don sunan mahaifiyarsa gare ta. Uwata irin mutanen nan ce da ba sa iya zama a kan kujera mai ɗingishi, ko a gidan surukai ne sai ta durƙusa ta leƙa ƙafar. Ta sha roƙonsa ya ba ta jitar ta duba, amsar kullum ɗaya ce.

"Ki bar ta, Uwata. Haka take."

Ita kuwa ta ɗauka girman kai ne irin na tsohon kafinta, ba ya so a ce yarinyar da ya koya wa riƙon guduma ta gyara masa aiki. Mijinta ma bai taimaka ba. Duk ranar da suka zo gaisuwa sai ya raɗa mata cewa gida mai kafinta har biyu, amma jita na fama da mura ba mai magani. Tana dariya, amma abin yana cin ta.

Sai Baba ya tafi wani gari duba ƙanensa da ba shi da lafiya. Uwata ta shigo gidan da hantsi, ta tarar Inna ta leƙa maƙwabta, jita kuma ga ta rataye a ƙusa. Ba ta tsaya dogon tunani ba, ta naɗe ta a zane ta wuce shago.

A kan benci ta kwantar da ita, ta ɗora rula a wuyan, nan take ta ga mai laifin. Ƙarfe na uku ya fi 'yan'uwansa tudu da kamar kaurin farce, har tsirkiyar ta ci masa ɗan kwari saboda shekarun da suka yi suna gogayya. Ta ɗauko magagari ta goge shi a hankali har ya yi daidai da sauran, ta bi da samfefa, ta saka siririn katako ƙarƙashin jaki, wato ɗan icen da tsirkiyoyi ke hawa, don su ɗan ɗaga. Da ta kaɗa, sauti ya fito tas, ba ko ƙura. Ta ji daɗi har cikin ranta, gaskiya kuma aikin ya yi kyau. Ta shafe jitar da mai, ta mayar ƙusa ba tare da ta gaya wa kowa ba.

Ranar da Baba ya dawo ta rufe shago da wuri, don tana so ta ga fuskarsa. Ya huta, ya fito da kujera, ya rungume jita. Ya ɗora babban yatsansa a bayan wuyan yadda ya saba, ya kaɗa babbar tsirkiya. Ya ɗan yamutsa fuska. Ya murɗa maɗauri, ya sake kaɗawa. Ya ƙara murɗawa.

Sautin ya fara hawa. Uwata tana tsaye a bayansa da tiren shayi, murmushinta yana raguwa, don ko wanda bai san kiɗa ba ya ji tsirkiyar ta wuce inda ya kamata.

"Baba, ta kai," in ji ta.

Bai waiwayo ba. Ta ɗaga murya ta maimaita, yana dai murɗawa, idonsa a ƙasa, yatsansa manne da katako kamar mai jin bugun jini. Tsirkiyar ta tsinke, ta zane shi a bayan hannu, jini ya tsatso. Ya zauna yana kallon hannun.

A kicin Inna ta ja ta gefe, tana neman auduga tana magana ƙasa-ƙasa. Ta ce kunnen Baba ya daɗe da tafiya, kaɗan ya rage, bakin mutane yake kallo yana amsawa, kuma ya hana ta faɗa wa 'ya'yan don kada a fara yi masa ihu kamar yaro. Zizar nan da ita yake ɗaure jitar. In tsirkiyar ta yi sako-sako, ƙarfen yakan doke ta da ƙarfi, in ta yi tauri da yawa sai ya yi shiru, a tsakani akwai wata 'yar karkarwa da yatsansa ya sani, daga nan yake bin sauran tsirkiyoyin. Kuma a duk kiɗan da yake yi, ita kaɗai ce take shiga masa har ƙashi.

"Ni ban san me ya same ta ba," in ji Inna. "Ko zafi ne ya lanƙwasa katakon."

Uwata ta tsaya riƙe da kwanon ruwan ɗumi. Garin neman gira ta rasa ido, kuma idon ba nata ba ne. Kunya ta kama ta, irin wadda ba ta taɓa ji ba, ta ce wa Inna za ta tafi da jitar ta sa sabuwar tsirkiya, ta fita ba ta bari sun haɗa ido da Baba ba.

Ashe cire ziza wasa ne, mayar da ita ne aiki. Ta cire siririn katakon nan, ta tumɓuke ƙarfen da ta goge, ta yanko sabo daga ƙafar wani mataccen keke ta dasa. Ziza ta dawo, amma ta mahaukata, ko'ina tsirkiyar take sai ta yi. Ta goge kaɗan, zizar ta ɓace gaba ɗaya. Ta dasa wani. Teburin da aka ba ta aikinsa yana jingine ba ƙafa, mai shi yana zarya, ita tana sunkuye a kan wuyan jita da yatsa a bayan katako, tana neman abin da ba ta taɓa ji ba balle ta gane shi. Mijinta ya leƙo da niyyar tsokana, ya ga fuskarta, ya haɗiye maganarsa ya koma.

Abin da ya fi damun ta shi ne Baba bai tambaya ba. Kullum da yamma yana fitowa da kujerarsa ya zauna, hannaye a kan gwiwa, filasta a bayan ɗaya. Ta ji da kunnenta yana ce wa maƙwabci jitar ce ta tsufa kamar mai ita. Da zagin ta ya yi da ta fi samun sauƙi.

Da ta ga ba sarki sai Allah, ta ɗauko jitar ta zo. Ta durƙusa a gabansa sosai yadda zai ga bakinta, ta ce ita ce ta taɓa, bayan ya hana ta.

"Na sani," in ji shi. "Tun ranar na shafa ƙarfen na ji. Daga hagu kike jan magagari, ni na koya miki."

Ya karɓa ya kaɗa, ya murɗa, ya daɗe yana lalube da yatsa. Ta zuba masa ido. Can ya girgiza kai ya miƙo mata.

"Ba ita ba ce. Kada ki wahalar da kanki, wancan ƙarfen shekaru ne suka gyara shi, ba ni ba. Cire wannan, ki mayar da gyaranki na farko. Aiki ne mai kyau."

Ta so ya yi faɗa, bai yi ba. Ta koma shago tana share ido da bakin mayafi, ta yi yadda ya ce.

Washegari da yamma ta kawo. Baba ya dubi jitar a hannunta, ya dubi ƙofar kicin ko Inna na kallo. Mutumin da bai taɓa cewa a riƙe masa ko ƙusa ba, ya yi gyaran murya ya ce a hankali, "Ɗaure min ita, Uwata. Ke kina ji."

Ta zauna a ƙasa ta ɗaɗɗaure tsirkiyoyin ɗaya bayan ɗaya, ta miƙa masa da hannu biyu. Ya fara kaɗawa. Yatsun ba su manta komai ba, sautin kuma bai taɓa fita da kyau haka ba, har Inna ta fito da ludayi a hannu ta tsaya. Shi kuwa ba jitar yake kallo ba, fuskokinsu yake bi ɗaya bayan ɗaya.

Da ya kai ƙarshe ya ɗora tafin hannu a kan tsirkiyoyin, ya dubi bakin 'yarsa.

"Ta yi daɗi?"

"Ta yi, Baba."

Ya gyaɗa kai, ya gyara zaman jitar a cinyarsa.

"To, ku ji," in ji shi, ya ci gaba da kaɗawa.