Abin da Injin Ruwa Ya Ji

Kashim ya bar soja ba tare da tabo ko ɗaya a jikinsa ba. Mutanen Diffa suka ce ya yi sa'a. Ba wanda ya san abin da wani babbansu ya yi masa da ƙarfi a sansani, bayan ya kulle ƙofa. Tun daga ranar barci ya ƙaurace masa.

Kawunsa Sha'ibu ya ce iska ce, ya kawo rubutu. Kashim ya sha har ya gaji. Asibiti suka ba shi ƙwaya, barci ya zo, amma da mugun mafarki ya zo. Sai aka sa shi cikin taron tsoffin sojoji, inda kowa ke ba da labarin nakiya da kwanton ɓauna. Da layi ya zo kansa, ya ari labarin wata mota da ta tashi a hanyar Baroua. Aka yi ta dafa kafaɗarsa ana "sannu, jarumi". Ranar ya fi kowace rana jin kaɗaici.

Madam Firdausi, likitar da ke jagorantar taron, ta tsayar da shi a bakin ƙofa.

"Kashim, muna ta ɗaure ƙafar da ba ta karye ba. Akwai wata hanya. Ka faɗi abin da bakinka, yau da gobe, har ya daina ƙona ka. Ni kaɗai zan ji."

"Madam, wallahi baki ba ya ɗauka."

Ya koma gonar tattasai a bakin kogin Komadugu. Can ba kowa sai injin ban ruwa, mai ƙarar da ko kiran salla ba a ji. Wani hantsi ya ja igiya, injin ya tashi, shi kuma ya tsuguna kusa da shi ya fara magana. Ya faɗi ɗakin, ya faɗi ƙofar, duk ƙarar na haɗiyewa. Haka ya riƙa yi kullum, yana katse labarin a wuri guda.

Ranar nan, garin sauri, ya manta bai ƙara mai ba. Yana tsakiyar magana injin ya yi tari ya mutu. Bakinsa bai tsaya ba. Cikin shirun fadama ya ji muryarsa, tsirara, ta ambaci sunan mutumin da abin da ya yi masa.

Ya waiga dama da hagu. Ba kowa. Ruwa na ƙarasa gangarawa cikin kunyoyin tattasai.

Ya daɗe a tsugune yana kuka. Sannan ya sake faɗa, bai taɓa igiyar ba.