Ƙugun Kumatu

Fil uku ne a bakin Umma lokacin da ta zagaya tef a ƙugun 'yarta, sai da ta tofar da su a tafin hannu kafin ta samu bakin magana.

"Kai! Inci biyu ya sake tafiya," ta faɗa da ƙarfi.

Haka take aikinta. Shekara ashirin tana ɗinki, ba ta taɓa auna mutum ta yi shiru ba. Sai ta faɗi lambar kowa ya ji, sannan ta rubuta da alli a gefen tebur. Mata biyu da ke jiran kayansu a kan benci suka ɗago kai.

"Wai Kumatu ce wannan?" in ji ɗayar. "Yarinyar da ke cika ƙofa? 'Yata, zo ki ba mu sirrin, mu da muke ta fama da teɓa."

Aka kwashe da dariya. Kumatu tana tsaye a kan 'yar kujerar awo, hannuwa a sama, ta ɗan murmusa. Shekarunta goma sha shida. Tun tana goye aka liƙa mata sunan saboda kumatun da kowa ke ja, yanzu kuwa sunan kawai ya rage. Ana zafi, fanka na juyawa, amma rigar sanyi ce a jikinta. Umma ta ga rigar, ta ga yatsun da suka yi fari fat, sai dai hankalinta yana kan yadda siket ɗin makaranta zai zauna. Karo na uku ke nan tana rage shi, kuma maganar gaskiya, daɗi take ji.

"Sauko, an gama."

Kumatu ta sauke ƙafa ɗaya. Kafin ta biyun ta taɓa ƙasa ta sulale, kanta ya daki ƙarfen keken ɗinki. Umma ta yi salati ta ciccibe ta, har ta kusa kifewa ta baya, domin ƙarfin da ta tattaro na ɗaukar budurwa ne, abin da ta ɗauka kuwa bai fi bandir ɗin yadi ba.

* * *

Likitar da ta duba Kumatu a asibiti mace ce mai gilashi, ba ta gaggawar magana. Ta bari Umma ta zauna tukuna.

"Bugun zuciyarta ya yi ƙasa sosai. Jiki idan ya rasa abinci kansa yake ci, kuma ba ya tsallake zuciya."

"Rasa abinci? A gidana?" Umma ta dafe ƙirji. "Haba likita! Har maƙwabta nake miƙa wa."

"Yaushe rabon da ki ga ta ci da idonki?"

Umma ta shiga lissafin kwanakin baya. Da safe yarinyar ta ce ta makara. Da rana ta ce ta ci a makaranta. Da yamma ta ɗauki farantinta ta shige ɗaki wai karatu, faranti ya dawo wanke tas. Ashe shi ya sa kyanwar maƙwabta ta yi ƙiba har ba ta iya hawa katanga.

"Ciwo ne, Mama, kuma yana kisa," in ji likitar. "Ba iyayi ba ne, ba taurin kai ba. Abin da kike ji idan kika ga maciji a ɗaki, shi take ji idan ta ga faranti. Idan ta kalli madubi kuma, ba abin da kike gani take gani ba."

A baranda, Gwaggo, yayar mijin Umma, ta taɓe baki ta ce 'yan zamani ne da samun wuri, tsawa ɗaya mai kyau za ta buɗe mata ciki. Baban yara, direba ne mai dogon zango, ya ce ta waya a sayo maganin da ke sa cin abinci. Umma ta san ita ma jiya-jiya haka za ta ce.

Washegari nas ta kawo sikeli. Ta sa Kumatu ta hau da baya, fuskarta na kallon bango, ta duba ta rubuta a takarda ta kife.

"Nawa ne?" Umma ta tambaya, bakin ya riga ya saba.

"A nan ba ma faɗin lamba a fili," nas ta amsa a hankali.

Umma ta kalli takardar da aka kife. Ta tuna bara war haka, shago cike da mata, ita da tef a ƙugun yarinyar nan tana shela: "Jama'a, ku zo ku gani, ƙugun Kumatu ya wuce nawa! Ke yadi huɗu ma ba ya isar ki." Kowa ya yi dariya, har ita Kumatun. Da ta samu likita ita kaɗai, ta tambaye ta da murya ƙasa-ƙasa ko ita ta jawo.

"Ba abu ɗaya ke kawo shi ba. Ni kuma ba mai laifi nake nema ba, wadda za ta zauna da ita nake nema. Za ki iya?"

"Zan iya."

* * *

Bayan sati uku aka sallame su da takardar ƙa'idoji. Abinci sau uku, da ɗan abin taɓawa a tsakani. Umma ce mai zubawa, ba a ciniki a kan yawansa. Ba tsawa, ba roƙo, ba maganar jikin kowa. An gama ci, a zauna tare rabin awa, kada yarinya ta zame banɗaki ta amayar, ko ta kulle ɗaki tana tsalle-tsalle don ƙona abin da ta ci. Duk ranar Talata kuma ta je ta zauna da likita su yi magana.

Umma ta ɗauka sauƙi ne. Ina! Ranar farko awa biyu suka yi a kan yankan burodi biyu da kofin madara. Kumatu ta marmasa burodin ƙanana-ƙanana, ta jera su a bakin faranti, hawaye na ɗiga a kan tebur.

"Umma, kin tsane ni. Wallahi kin tsane ni."

"Na ji. Ɗauki na gaba."

Umma da ba ta iya ganin abu ba ta tofa ba, ga ta zaune ta haɗiye magana ɗari. Ta rage karɓar ɗinki, ta rufe shago da rana, masu kaya suna ta ƙorafi. Tef ɗin da ke rataye a wuyanta tun safe har yamma ta cire shi ta jefa a aljihun keke.

Rabin awar nan ta bayan ci ita ta fi wuya, sai Umma ta ɗauko gwangwanin maɓallai ta ce su riƙa dasawa. A nan ne wata rana, kanta a sunkuye kan allura, Kumatu ta ce, "Akwai abin da ke min magana a kai, Umma. Duk lomar da na ci sai ya ce na zama banza."

Umma ta ja zare ta cije. "To ki gaya masa ba ke kika so ba, Umma ce ta tilasta. Ya zo ya same ni."

Yarinyar ta yi dariya, 'yar gajeruwa, irin wadda aka daɗe ba a ji ba a gidan.

Wata biyu aka yi haka. Wani satin a ci gaba, wani satin a koma baya. Amma tafin hannun Kumatu ya fara ɗumi, ta ajiye rigar sanyi, ta soma tsokanar babanta a waya. Likita ta ce nan da sati biyu za ta iya komawa makaranta. Sannan ta tsayar da Umma a bakin ƙofa.

"Ranar da tsofaffin kayanta suka matse ta, ranar ce mafi haɗari. Kada ki jira ta zo. Ki fitar da su daga gidan gaba ɗaya, ki ɗinka mata masu walawa, ki gaya mata gaskiyar dalili."

Umma ta ce to. A hanya kuwa ta yi ta juya maganar. A zubar da kaya masu kyau, ɗinkin hannunta? A kuma zaunar da yarinya a ce mata ta ƙara jiki? Likita ta san magani, amma ba ta san ɗinki ba. Riga idan ta matse sakinta ake yi. Za ta farke su a ɓoye, ta saki kowanne inci biyu, ta goge ta mayar cikin akwati. Kumatu ta sa kayanta ta ji daidai, ba wanda ya ji, ba wanda ya gani.

* * *

Ranar Talata da hantsi Baban yara yana gari, shi ya kai Kumatu asibiti. Umma ta ɗora abincin rana, ta kwaso akwatin kayan ta zube a kan teburin shagonta da ke jikin gidan. Ta ɗauki siket ɗin makaranta ta juya cikinsa, ta sa reza a ɗinkin gefe.

Duk telan kirki idan ya rage kaya, yakan bar rarar yadin a ninke daga ciki, saboda jikin mutum ba ya tsayawa wuri ɗaya. Umma kanta haka take yi wa kowace mai kawo mata ɗinki. Ta farke taƙi guda, ta sa yatsa tana laluben ninkin. Babu. Bakin yadin a yanke yake ƙal, dab da zare.

Ta ɗauko rigar makarantar, haka. Ta ɗauko doguwar riga mai ruwan toka, haka. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, har ta kai ƙasan akwatin. Sai ta tuna. Ita ce da almakashinta, duk lokacin da ta rage, ta bi rarar ta datse don kayan su kwanta lafiya, tana faɗa wa yarinyar cikin fara'a: "A yanke kawai, ai ke da ƙiba kun rabu har abada."

Kunya ta kama ta, irin wadda ba ta taɓa ji ba, ta zauna da siket ɗin a cinya. Ba ta ji tsayawar mota ba.

"Umma, me kike yi wa kayana?"

Kumatu ce a bakin ƙofa. Idonta ya bi tebur, ya bi rezar, ya tsaya kan ɗinkin da aka farke. 'Yar tela ce, ba ta bukatar bayani.

"Sakin su kike yi."

"A'a, dama zare ne ya... Zo mu ci abinci tukuna, 'yata. Sababbi zan ɗinka miki, masu kyau, yau ɗin nan."

Kumatu ta tako ta zare siket ɗin daga cinyar uwarta. Ta kara shi a ƙugunta, ta ja gefe da gefe. Bai kai ba. Ba ta yi kuka ba, fuskarta ma sai ta saki, muryarta ta yi laushi kamar mai lallashin yaro.

"Kada ki wahalar da kanki, Umma. Mayar da ɗinkin yadda yake. Ai da sauran sati ɗaya, zan shiga cikinsa."

Ta ninke shi da kyau ta ajiye kusa da keke, ta wuce ɗakinta ta ja ƙofa.

Umma ta tashi ta zuba abinci faranti biyu. Ta ajiye cokali a gefen kowanne, ta ja kujerarta ta zauna, ta kira sau ɗaya, ta sake kira. Tururin shinkafar yana tashi, yana raguwa, har ya daina.